Takardar da Manzo Ya Rataya a Wuya

Salisu, magatakardan kotun garin Tawa, ya cuci Manzo yana kallon idonsa.

Manzo mutumin Barmu ne. Zamanin aikin dole ya kaɗe wani gardi, ɗan sandan Nasara, da ya zane shi, aka kai shi gidan kaso wata takwas. Shekara goma sha tara ke nan, Nasara sun tafi, amma laifin yana nan rubuce a kaziye, takardar kotu mai nuna wanda ya taɓa zaman kaso. Duk inda ya nemi aiki sai a ce ya kawo ta. Mai gidan da yake haya ma, da ya ji labari, ya ba shi zuwa Jumma'a ya kwashe matarsa Rakia da kayansa.

Ma'aikatar haƙa rijiyoyi na neman mai gadi, kuma aikin da ɗaki yake tafe. Manzo ya riga ya roƙi alƙali a shafe masa laifin, tunda doka ta yarda in mutum ya daɗe bai sake ba. Da amsa ta zo, Salisu ya sa shi dangwala yatsa, ya karanta masa Faransancin.

"Alƙali ya ƙi, baba. Ɓoye ta, kada wani shi gani shi yi maka dariya."

Manzo bai iya karatu ba. Ya ninke takardar, ya cusa cikin jakar fata ta wuyansa. Wata biyu kunya ta hana shi nuna wa kowa, har Rakia.

Ran Alhamis ya je ma'aikatar don ya ce ya haƙura da neman aikin. Ya tarar da Mumuni, ƙanen matar Salisu, tsaye gaban shugaban wurin, Isufu, wanda ake ce wa mushe, wato malam da Faransanci. Shi ma Mumuni aikin yake nema, da tasa takardar a hannu.

"Ina taka, Manzo?" in ji Isufu.

"Babu amfani, mushe."

"Ban tambaye ka amfani ba. Kana da ita ko ba ka da ita?"

Mumuni ya yi murmushi. "A bar tsoho shi tahi, mushe. Kowa ya san inda ya kwana."

Leburori suka daina aiki suna kallo. Manzo ya dafe jakar. In aka karanta a gabansu, yau garin duka zai ji. In ya juya, gobe Rakia na bakin hanya da tukwanenta. Ya kwance igiyar, ya miƙa takardar.

Isufu ya karanta har ƙasa, ya duba hatimin, ya sake karantawa.

"Wa ya hwaɗa maka abin da ke ciki?"

"Malam Salisu."

"Mi ya ce?"

"Wai an ƙi."

"Tun watan Afrilu alƙali ya shahe laihinka. Ba ka da tabo ko guda." Ya juya. "Mumuni, tsaya. Ina za ka? Tare za mu kotu."

Manzo ya kwana a ɗakin gadi ran Jumma'a, shi da Rakia.

Salisu kuwa aka kore shi daga aiki, aka ɗaure shi shekara guda. Sunansa ya shiga kaziye.