Shukar Malam Barau ta Uku

Shekara shida Malama Hafiza tana koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare kusa da Mairuwa, amma ba ta taɓa yin darasin da ya hana ta sukuni kamar na ran nan ba.

Ta sayo bulon ƙanƙara wurin mai ruwan sanyi, ta fito da 'yan aji uku tsakar rana. Ta fasa shi biyu, ta ɗora rabi bisa farin ƙyalle, rabi bisa baƙi. Kafin su gama surutu, na kan baƙin ya zama ruwa.

"Can ƙarshen duniya ta arewa," in ji ta, "akwai tekun da ƙanƙara ta rufe, fari fat. Farin nan shi ke mayar da zafin rana sama. Hayaƙin injina da motoci ya ɗumama duniya, ƙanƙarar tana narkewa, ruwan da ke ƙasanta kuwa duhu gare shi, shan zafi yake. In zafi ya yi yawa iska takan rikice, damina ma sai ta ɓace hanya."

Wata yarinya mai suna Suwaibatu, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu. "Malama, to ruwan farkon da anka yi shekaranjiya, na gaskiya ne?"

Malama ta dube ta. "Ban sani ba. Amma ki ce ma Baba kada ya zuba irinsa duka."

Uban yarinyar, Malam Barau, dariya ya yi da ya ji saƙon. Ya shuke irin masararsa kaf. Sama ta ɗauke kwana ashirin da biyu, tsiron ya murɗe ya bushe. Aka yi yayyafi, ya sake shuka da irin da ƙanensa ya ba shi. Wannan ko fitowa bai yi ba.

Ranar wata Laraba Malama tana rubutu a allo ta ga inuwar mutum a bakin ƙofa. Malam Barau ne, da fartanya a kafaɗa. Ta ɗauka faɗa ya kawo shi.

"Sannu da zuwa, Baba."

"Malama, ba rigima ta kawo ni ba." Muryarsa can ƙasa. "Ɗiyata ta ce ke kin san abin da ya samu ruwa. Masarar da ta rage a rumbu ta ci ce. In na shuka ta, mu ci me? In ban shuka ba, mu girbi me? Ki gaya mani ranar da za shi sauko."

Ido arba'in da wani abu na 'yan ajin duk a kanta. Ta san sunan tekun, ta san shekarun da ƙanƙarar ta fi raguwa, amma ba ta san ranar da ruwa zai sauko ba.

"Wallahi Baba, ranar kam Allah kaɗai ya sani."

Ya gyaɗa kai, ya juya. Ran Asabar ya shuka rabin abincin gidansa.

Ruwan ya zo ran Litinin da hantsi, suna aji. Hadarin bai taso daga gabas ba kamar yadda kowa ya saba, daga yamma ya turo, baƙi ƙirin, tsuntsaye duk suka yi shiru. Kwanon rufi ya fara kaɗawa. Cikin awa guda ruwan wata guda ya zuba.

Da aka tashi, Malama ta bi ta gefen gonar su Suwaibatu. Kunyoyin sun shafe, wani sabon kwazazzabo ya tsaga ta biyu, ƙwayoyin masara warwatse cikin yashi. Malam Barau na tsugune yana tsinta ɗaya-ɗaya yana zubawa a hula. Bai ɗago ba.

Washegari a aji kujeru tara babu kowa a kansu, yaran suna gonaki suna taya iyayensu tsintar iri. Da yamma-yamma hadari ya sake haɗowa, ta yamma.