Gadon Siminti a Murhun Gwaggo Saude

A shekarar da Turawa suka fara gina gada a kogin da ke bayan Birnin Gwari, damina ta yi ƙarfi ƙwarai. A cikin wannan daminar ce Huseina, matar wani manomi Salmanu, ta yi haihuwar fari, ba kuma a lokacin da aka zata ba.

Al'ada ita ce mai cikin fari ta koma gidan iyayenta ta haihu can, ta yi wankan jego har arba'in. Abin da ke kan miji shi ne itace. Ba ƙirare ba, gumagumai masu riƙe wuta, domin safe da yamma ake tafasa ƙatuwar tukunya da ganyen tsamiya a yi wa mai jego wanka. Salmanu bai yi sakaci ba. Tun da rani ya sari kirya da marke, ya faskara, ya jibge su cikin wata 'yar rumfa a hayin kogi, kan hanyar Tabanni garin surukansa, don in lokaci ya yi jaki ya kwashe ba nisa.

Gwaggo Saude, yayar mahaifin Huseina, ita aka aiko ta tafi da ita. Ranar da za su kama hanya sai sama ta ɓalle da ruwa, kogi ya kawo ya rufe maƙetara. Kafin a gama shawarar yadda za a yi, naƙuda ta tashi. Huseina ta sauka lafiya, ta sami ɗa namiji. Ga mai jego a wannan hayi, ga itacen wankanta a wancan.

Maƙwabta sun kyauta. Wannan ta kawo dami, waccan ta kawo guntun gungume, amma tsakiyar damina kowa da kyar yake hura nasa murhun, tukunyar jego kuwa ba ta ƙoshi. Dajin da ke kusa an mai da shi gandun daji, ba a sara a ciki, sai abin da ya faɗi da kansa ake tsinta. Salmanu ya tsinto da yawa ya zube a tsakar gida, duk ya sha ruwa ya yi sharkaf. In an sa shi a wuta sai ya yi ta kumfa a baki yana hayaƙi.

Wata safiya Gwaggo Saude ta fito daga rumfar girki tana share hawayen hayaƙi da gefen zane. Salmanu ya durƙusa nesa kaɗan, kansa a ƙasa.

"Barka da asuba, Gwaggo. Ya mai jiki?"

"Mai jiki da sauƙi. Itace ne ba sauƙi," in ji ta. "Busasshen da ya rage ba zai wuce wankan yamma ba. Kai yaro, ka saurare ni. Wankan nan ba a yanke shi. Na ga wadda aka yi wa wasa da shi, sanyi ya shige ta, ƙafafunta da hannayenta suka kumbura har zobe ya nutse a yatsa. 'Yar ƙanena ba za ta zama haka a hannuna ba."

"In Allah ya yarda ba za a yanke ba, Gwaggo."

"Allah ya yarda tuni. Kai muke jira."

Salmanu ya tashi ya nufi bakin kogi, ko ruwan ya ɗan ja. Bai ja ba. Ja wur yake gudu, yana tafe da rassan itatuwa. Daga inda ya tsaya yana hango jinkar rumfarsa a hayi, lafiya lau, itacensa a bushe a ciki. Ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya sa ƙafa ɗaya a ruwa.

"Kai! Mai jariri! Maraya kake so ka bar mana?"

Baba Mailafiya ne, mai gadin ma'ajin kayan gada. Tsoho ne da ya yi soja, aiki ya tsaya saboda ruwa, an bar shi shi kaɗai da rumfar kwano da tarin ƙarafa. Ya yafito Salmanu da sanda.

"Ko kada yau sai ya yi shawara kafin ya shiga nan. Me ka ajiye a hayi, amarya?"

Salmanu ya gaishe shi, ya faɗa masa halin da ake ciki. Tsohon ya sosa gemu, sa'an nan ya ce, "Biyo ni."

A bayan ma'ajin, ƙarƙashin kwano, akwai wasu abubuwa jibge kan juna har sun fi mutum tsawo. Katako ne fari, an jera shi sala-sala an buga da ƙusa a kan wasu gajerun ƙafafu, kamar gado marar kai. Leburori gadon siminti suke ce musu, domin a kansu buhunan siminti suka zo cikin mota. Wasu sun karye, wasu gara ta fara ci. Salmanu ya ƙwanƙwasa ɗaya, ya ji ya yi ƙara kamar ƙwarya. A bushe yake ƙamas.

"Kwashe," in ji Mailafiya.

Salmanu ya ja da baya. "Baba, kayan gwamnati? Ga tambari a jiki. In ɗan doka ya gan ni da shi fa?"

"Wane ɗan doka? Helma, shugaban leburori, da bakinsa ya ce in cinna musu wuta kafin gara ta haura kan katakon aiki. Ni kuwa gwiwa ta hana ni jan su waje. Kai ka ƙone su a gidanka, ni in ƙone su a nan, duk toka ce. In an tambaya ka ce aikina kake taya ni."

"To me zan kawo, Baba?"

"Ka raina ni ke nan. Abu biyu kawai. Ƙusoshin, in kun ƙone, a tsince mini su daga toka, ƙyaurena na nema ya faɗi. Na biyu kuwa, in an dafa wa mai jego ƙauri, a tuna akwai wani tsoho a bakin kogi da bai haihu ba amma yana da baki."

Salmanu ya yi ta godiya har tsohon ya kore shi da sanda. Ya aro jaki, ya yi ta jigila har la'asar ta kusa, ya rufe kayan da tsohuwar tabarma kada yayyafi ya taɓa.

Gwaggo Saude ta zagaya tarin tana taɓe baki.

"Wannan wane irin itace ne?"

"Daga ƙasar Turawa ya zo, Gwaggo."

"Ban tambaye ka garinsu ba. Sunan bishiyar nake tambaya."

"Ban sani ba."

Ta ɗaga sala ɗaya da yatsu biyu. "Ji fa, kamar kara. Ni tun da nake ban taɓa dafa ruwan jego da itacen da ba shi da suna ba." Ta shinshina. Wani ƙamshi ne da shi kamar na ƙaro. Daga cikin ɗaki jariri ya tsala kuka, Huseina tana lallashinsa. Gwaggo ta dubi sama, ta dubi ɗaki. "Farfasa. Ka goge wannan farar ƙurar tukuna."

Salmanu ya sa gatari ya farfasa da yawa, ya tafi masallaci.

Ita Gwaggo duk rayuwarta da kirya take aiki. Kirya kuwa a cika murhu da ita ake yi, a tafi a bar ta, ta ci a hankali ta bar garwashi. Haka ta yi wa katakon. Ta cusa shi ta kowace kusurwa ta murhu har ba masaka tsinke, ta ƙara wani a kai, ta tura garwashi ƙasa, ta shiga ɗaki don ta karɓi jariri.

"Zo nan, maigidana," take cewa, "kai da ka ƙi jiran a kai ka Tabanni, ka zo ka sa mutane..."

"Gwaggo," in ji Huseina, "me ke ƙara haka kamar ana harbi?"

Gwaggo ta leƙa. Wuta ta tashi ta wuce bakin tukunya, tana tartsatsi, harshenta na lasar jinkar rumfa. Ta ajiye jariri ta fita da gudu tana salati. Allah ya taimaka jinkar a jiƙe take, hayaƙi kawai ta yi. Gwaggo ta janye abin da za ta iya janyewa da muciya, ta watsa ƙasa. Kafin maƙwabta su leƙo ta katanga wutar ta riga ta cinye kanta ta kwanta. Ba garwashi ko ɗaya, sai farar toka da baƙaƙen ƙusoshi. Ta tsoma yatsa a tukunya. Ruwan ya yi zafi, amma bai tafasa ba.

Da sauran busasshen itacen maƙwabta aka ƙarasa tafasa shi a ranar. Aka yi wanka, amma da Salmanu ya dawo ya ga yadda tarin ya ragu, sai ya tsaya yana ƙirga abin da ya saura. In haka katakon ke ci, ba zai kai ko'ina ba, kogi kuwa bai nuna alamar ja ba.

Washegari da safe ya ɗauki gatari zai ci gaba da fashi. Gwaggo na zaune kan turmi, gefen zanenta a ƙone, ta yi tagumi tana kallon katakon kamar abokin faɗa.

"Tsaya," in ji ta. "Su masu shi, me suke yi da shi?"

"Siminti suke ɗorawa a kai, Gwaggo."

"Don me ba za su ajiye a ƙasa ba?"

"Siminti ba ya son laima. Wannan yana ɗaga shi sama, iska na bi ta ƙasa."

Gwaggo ta dubi gadon, ta waiwaya ta dubi jiƙaƙƙen itacen da ke zube cikin taɓo a tsakar gida. Ta miƙe tsaye.

"Kai yanzu ka san haka, shi ne kake ta farfasa su? Abin da aka yi don ya hana laima, ka sa masa gatari?"

Salmanu ya buɗe baki zai ce ita ta ce ya farfasa, ya tuna da wa yake magana, ya rufe. Daga cikin ɗaki aka ji Huseina ta ƙyalƙyale da dariya, ta mai da ita tari.

Suka jawo lafiyayyun gadajen cikin rumfa, suka kewaye murhu da su, ba kusa sosai ba. Salmanu ya faskara jiƙaƙƙen itacen ƙanana, ya jera a kansu, wannan a giciye kan wancan. Gwaggo ta hura wuta da sala ɗaya tak na katako, ta jingina jiƙaƙƙe a kai. Katakon ya kama nan da nan, zafinsa ya kori ruwan da ke jikin itacen, itacen ya yi kumfa, ya yi hayaƙi, daga baya ya kama. In wutar ta yi sanyi sai ta ƙara sala ɗaya. Wanda ke jere a gefe kuwa yana shan ɗumi yana bushewa, na yau ya zama na gobe. Ruwan wanka ya tafasa har yana tumbatsa.

"Ashe ba abincin wuta ba ne, abin kira ne," in ji Gwaggo. "Shi ke kiran wuta, namu ya riƙe ta."

Tun daga ranar ba wanda ya isa ya taɓa katakon sai ita. Maƙwabciya ta zo roƙon sala ɗaya, Gwaggo ta ba ta rabi, ta bi ta da bayani har ƙofar gida. Kullum kuma in ta kwashe toka sai ta tankaɗe ta da rariya, ta tsince ƙusoshi ta zuba a ƙoƙo, kada wani ya taka. Aka yi suna, aka sa wa yaro Mu'azu. Aka dafa ƙauri, Gwaggo da kanta ta zaɓi ƙashi mai ɓargo ta sa a akushi aka kai bakin kogi.

Sai da arba'in ta kusa kogi ya ja. Salmanu ya haye ya kwaso kiryarsa, ya same ta yadda ya bar ta. Wanka bai yanke ba ko sau ɗaya. Huseina ta yi fes, ƙafafunta sumul, har Gwaggo na matsa su da yatsa tana gyaɗa kai.

Ranar da Gwaggo za ta koma Tabanni, Salmanu ya ɗaura kayanta a jaki, Huseina ta goya Mu'azu ta rako su. Gwaggo ta ce sai an biya ta ma'ajin gada. Suka tarar da Baba Mailafiya yana shan hantsi. Ta ajiye ƙoƙon ƙusoshi a gabansa, ta durƙusa, abin da Salmanu bai taɓa ganin ta yi wa kowa ba.

"Malam, Allah ya saka da alheri. Allah ya ba ka mai yi maka ranar da kake nema."

"Amin, amin. Tashi, Inna, kada yaran nan su ɗauka wani abin kirki na yi. Shara na ba ku." Ya leƙa bayan Huseina. "Wannan ne ya ci mini katako? Ai kuwa ya yi ƙiba."

Huseina ta sunkuyar da kai tana murmushi, ta ce, "Mun gode, Baba."

Tsohon ya juya ƙusoshin da yatsa, sa'an nan idonsa ya kai kan jaki. A saman ƙunshin kayan Gwaggo an ɗaure gadon siminti guda, lafiyayye, an wanke shi tas.

"Af! Wannan fa? Helma ƙonewa ya ce a yi."

"Helma ya zo Tabanni ya ƙone shi," in ji Gwaggo, ta ja igiyar jaki suka gangara maƙetara.