Tumaki Sittin, Gida Uku

Da dusar ƙanƙara ta fara narkewa sai kwarin ya fara amayar da abin da ya haɗiye. Ƙafa a nan, ƙaho a can, ga tumaki a dunƙule a gindin dutse yadda suka matse juna ranar da sanyi ya gama da su. Gombo ya shiga hunturun nan da dabba ɗari uku da 'yan kai. Ya fito da akuya biyu da kare.

Gida goma sha ɗaya ne a kwarin kafin wannan annoba. Takwas sun naɗe tantunansu sun nufi babban birni, Ulan Bator, tun ƙasa ba ta bushe ba. Saura uku: Gombo da matarsa Yanjin, Tsend, wadda mijinta ya mutu ya bar ta da 'yan mata biyu, sai Dagwa, mai yawan dariya da yawan kwalbar giya, wanda ko a shekarar alheri garkensa ne ke fara ramewa.

Fasto Yun mutumin Koriya ne, shekararsa shida yana riƙe da wata 'yar coci a garin gunduma. Ya zo musu da fulawa da shayi. Da ya sauke bai juya ba, ya ɗaure hanci da ƙyalle ya kama jan mushe tare da su, kwana tara, yana yi yana amai. Bai tambayi kowa abin da yake bautawa ba. A ƙarƙashin fitilar man shanun da Yanjin ke kunna wa Buda yake zama ya sha shayinsa mai gishiri. Gombo ya ce mutum ne wannan, sai dai bai san tunkiya ba.

Farkon bazara Fasto ya dawo da babbar mota ɗauke da tumaki sittin, waɗanda masu ibada a ƙasarsu suka haɗa hannu suka saya. Kowane gida ashirin. Yana sauke su yana dariya kamar shi aka ba.

Sai da aka zauna a tantin Gombo, aka zagaya da kwalbar taba kowa ya shaƙa, sannan Gombo ya buɗe baki.

"Malam, mun gode. Amma ashirin ba garke ba ne, naman hunturu ne."

Ya yi masa bayani dalla-dalla. Gida ɗaya yana cinye goma sha biyar kafin ciyawa ta fito. Kerkeci zai ɗauki nasa, ciwo zai ɗauki nasa. Nan da shekara biyu gidajen ukun duka suna kan hanyar birni. Amma in sittin ɗin suka taru a hannu ɗaya, kuma hunturu ya yi sauƙi, wataƙila gida ɗaya ya tsaya.

Fasto ya ce to su haɗa su wuri guda mana, su yi kiwo tare.

"Ko an haɗa garken, tukunya uku ce dai," in ji Tsend.

Fasto ya ce ya riga ya faɗa wa mutanensa cewa gida uku za su tashi. Ya ce zai rubuta, wataƙila baɗi a ƙaro. Gombo ya tambaye shi ko ya tabbata. Fasto ba maƙaryaci ba ne, ya sunkuyar da kai.

"To zaɓi gida ɗaya, Malam. Kai ka kawo," in ji Gombo.

Fasto ya dubi Gombo, ya dubi 'yan matan Tsend da ke zaune kusa da murhu, ya dubi Dagwa. Ya kasa. Kowa a wurin ya san Gombo ya fi iya kiwo, kowa ya san Tsend ta fi buƙata, amma a wajenmu mutum ba ya cewa a ba ni a gaban maƙwabci. Sai Yanjin ta miƙe ta ɗauko jakar ƙasusuwa.

Ƙashin idon sawun tunkiya ne, mai fuska huɗu, kowace da sunanta: doki, raƙumi, tunkiya, akuya. Ana jefa guda huɗu, wanda ya fi samun doki ya ci. Da shi kakanninmu ke raba abin da baki ya kasa rabawa, kuma abin da ƙashi ya yanke ba a tayar da shi.

Fasto ya roƙa a bar shi ya yi addu'a tukuna. Aka cire huluna. Ya daɗe yana yi da harshensu, su kuwa suka jira har ya gama.

Tsend ta jefa a kan shimfiɗa. Doki ɗaya.

"Yaya Gombo, hannunka na karkarwa," in ji Dagwa. "Ko in jefa maka?"

"Jefa wa kanka. Kai da ba ka taɓa jefa komai ba sai kwalbar da ta ƙare."

Aka yi 'yar dariya. Gombo ya jefa. Doki biyu. Yanjin ta sauke numfashi. Dagwa ya kwashe ƙasusuwan da hannu ɗaya, yana cikin zolaya ya watsa su ko dubawa bai yi ba.

Doki uku.

Dariyar ta mutu a bakinsa. Ya ce shimfiɗar ta naɗe, a sake. Ya ce shi ba zai iya da sittin ba, kowa ya sani.

"Ba a sakewa," in ji Gombo.

Fasto ya miƙe tsaye, ya ce wannan ba daidai ba ne, yanzu ya yarda zai zaɓa. Gombo ya tuna masa cewa tun da safe ya ba su tumakin, sun zama nasu, sun kuwa yi abin da suka yi da nasu. Tsend ta ɗaura ɗankwalinta ta ja 'ya'yanta suka fita.

Da yamma, ita da Gombo suna haɗa kayan tafiya, Yanjin ta ce, "Tsoho, da ka bari ya sake."

"In ya sake na ci, da wane ido zan dubi Tsend?"



Kwana uku Gombo ya yi yana bin Dagwa da karatu: wadda ke ɗingishi, wadda ba ta da nono, rijiyar da ke ƙafewa da wuri, kwazazzabon da kerkeci ke bi. Dagwa bai sha ko ɗigo ba a kwanakin nan. Yana ta gyaɗa kai, idonsa kamar na wanda aka ɗora wa dutse. Akuyoyin biyu ma da karen Gombo ya bar masa, don birni ba wurinsu ba ne.

Fasto ne ya kwashe su a motarsa, su da Tsend. Ya samar musu wurin kafa tanti a bayan wata coci a gefen birni, inda ake neman mai gadi da mai shara. Gombo ya ce to.

Suna gangarowa bakin rafi suka hango tumakin. Dagwa ya kai su fadama, inda sabuwar ciyawa ta fi tsawo, ruwa kwance a ƙarƙashinta. Dabbar da ta sha yunwa in ta cika ciki da irin wannan ɗanyen tsiro, zawo ne ke kayar da ita. Ga shi can tsaye a tsakiyarsu da sanda, yana ɗaga musu hannu.

"Duba, Yaya Gombo," in ji Fasto, fuskarsa ta ɗan saki. "Ya nema musu ciyawa mai kyau."

Gombo ya kai hannu kan marfin ƙofa. Maganar minti biyar ce, ya sauka ya ce wa Dagwa ya kora su tudu. Yau fadama ce. Gobe wani abu ne daban, jibi ma haka, har hunturu ya dawo. Ya janye hannunsa ya ɗora a gwiwa.

"I, kore ce shar," ya ce.

Mota ta tsallaka rafin.