Shiru a Cikin Jar Mota

Kujerun motar guda biyu suna ajiye a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, sun jingina da juna kamar baƙin da suka gaji da jiran mai gida. Mutmainna ta zauna a kan ɗaya, ta kwance goyon Zuwaira ta ɗora ta a cinya. Daga nan take kallon Iorkyaa, mai ɗinkin kujerun mota, yana yashe cikin jar motar mijinta, har ya bar ƙarfen ƙasanta a fili.

Motar ta girmi Mutmainna. Irin gajerun nan ce masu ƙofa biyu da dogon hanci, mazaunin mutum biyu kacal, waɗanda aka ƙera don gudu ba don iyali ba. Surukinta, marigayi Malam Baballe dillalin riɗi, shi ya saye ta a hannun wani Bature mai aikin hanya tun Lafia ba ta kai haka ba. A ƙarshen rayuwarsa sai an ɗaga murya yake ji. Kowa a gidan ya san abin da ya cinye masa kunne, amma ba mai faɗa a gaban mijinta Sadisu, wanda ya gaji motar, yake wanke ta kowace Juma'a kafin ya wanke jikinsa.

A cikinta ba a hira. In injin ya tashi, sai ƙasan ya ɗauki rawa, ƙofofi su amsa, ƙarar ta cika ɗan akurkin har mutum ya ji ta a haƙoransa. Tun suna amare Mutmainna ta koyi nuna wa mijinta kwana da hannu.

Zuwaira kuwa son motar take yi. Da an shiga sai ta miƙe ƙafa, ta yi dariya, can ta yi barci. Mutane suna yabo: yarinya mai haƙuri, ba ta firgita. Mutmainna takan ce, "Alhamdulillahi," ta sunkuyar da kai. Ita kaɗai ta san ranar da murfin tukunya ya suɓuce mata a bayan yarinyar, ya yi ta kaɗawa a kan siminti, Zuwaira na zaune tana tsotsar yatsa ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ita kaɗai ta san sau nawa ta kira sunan daga bakin ƙofa, ba a juyo ba.

Ta yi ta ba kanta uzuri. A gidansu na unguwar Azuba injin niƙan maƙwabta yana farawa tun hantsi. In ya huta, janareto ya karɓa. Ga lasifikar coci a gabas, ta masallaci a yamma, ga 'yan acaɓa. Wa zai ji kira a wannan hayaniya? Wataƙila yarinyar ta saba ne. Wataƙila kuma motar ce ta fara yi mata abin da ta yi wa kakanta, kuma in an rufe wa motar baki da wuri, kunnen zai dawo. A kan wannan tunani na ƙarshe ta tsaya, domin shi kaɗai ne yake da gyara.

"Ba za ta ƙara shiga ba, Baban Zuwaira," ta ce masa wata safiya tana shanya. "Sai an yi wa ƙarar nan magani."

"Haka aka ƙera ta."

"To a sake ƙerawa."

Bai yi musu sosai ba, domin ya ga idonta. Shi ya sa yau suke nan, a rumfar Iorkyaa da ke bayan tashar motocin Makurdi a nan Lafia, zafi yana tasowa daga ƙasa, ita ba ta runtsa da kyau ba tun makon jiya.

Iorkyaa ya durƙusa ya ƙwanƙwasa ƙasan motar da gaɓar yatsa. Ƙarfen ya amsa kamar faranti.

"Oga, ka ji? Wannan ba mota ba ne, ganga ne. Baban ka ya na tuƙa ganga shekara da shekaru." Ya zura yatsa a wani rami da ke bangon ƙarfen da ya raba injin da mazauni, inda wayoyi suke wucewa. "Nan roba ya mutu. Nan ma. Ƙara kamar ɓera ne, Madam, in ya samu rami ƙarami sai ya shigo da iyalin shi duka."

Mutmainna ba ta yi dariya ba. Ta nuna masa abin da ta sa aka ɗauro a bayan keke napep: tsohuwar katifar kayan aurenta.

"Ga soso nan. Ka yanka yadda kake so, ka cusa ko'ina."

"Ko'ina? Madam, kina so ki soya Oga?" Ya matsa katifar da hannu. "Kusa da injin zafi zai ci shi. A ƙasa kuma zai sha ruwan damina, ƙarfe ya ruɓe. Zan sa kaɗan bayan kujera. Sauran ki mayar gida, bebi ya kwanta."

Ya ɗauko wani naɗi mai baƙar kwalta a ciki da fata mai ƙyalli a waje, irin wanda masu rufin kwano suke liƙe yoyo da shi. Ya yanka, ya shanya a rana ya yi laushi, ya manna a ƙasan motar, yana murzawa da gindin kwalba. Ya sake ƙwanƙwasawa. Wannan karon ƙarfen bai amsa ba, sai wani ɗan tim, kamar an buga buhun gari.

Sadisu, wanda yake tsaye hannuwa a aljihu, ya kau da kai.

"Me ya faru?" in ji ta.

"Ba komai." Ya sake duban ƙarfen. "Ina yaro, in na kwanta a kujerar nan, da wannan amon nake sanin mun hau kwalta. Baba ba mai magana ba ne. Motar ce take yi masa."

"Allah ya ji ƙansa," ta ce. Ta gyara wa Zuwaira hula. Tausayinsa ya taɓa ta, amma ba ta da sauran wurin ajiye shi.

Aikin ya ci yinin. Aka toshe ramukan wayoyi da sabuwar roba, aka shimfiɗa bargo mai kauri a kan kwaltar, aka ɗora sabon kafet a kai, aka ɗinka wa sandar giya sabuwar riga ta fata domin tsohuwar ta yage, ƙara da zafi suna hawowa ta nan. Aka sake robar ƙofofi. Wani mai walda na kusa ya liƙe hujin da ke jikin salansa, bututun hayaƙin motar. Mutmainna ta bi kowane mataki da ido. Da ta shinshina gam ɗin, ta ɗauki 'yarta ta koma can gindin wata bishiyar, ta ce ba za su shiga ba sai warin ya fita. Ta ba yarinyar kunu, ta canza mata, ta kore ƙudaje. Sau ɗaya, da guduma ta faɗi a kan kwano, ta saci kallon fuskar Zuwaira. Sai ta ce wa kanta ai nesa ne.

Bayan la'asar aka mayar da kujeru. Iorkyaa ya rufe ƙofa, ta rufu da wani sauti mai taushi da nauyi.

"Yanzu in Madam ta yi maka faɗa, Oga, babu wurin ɓuya. Za ka ji duka."

Sadisu ya yi murmushin yaƙe, ya tayar da injin.

Suka ɗauki hanyar Kwandere don gwaji. Ƙarar tana nan, amma ta koma nesa, kamar ruwan sama a unguwar da ba taku ba. Mutmainna ta ji ƙarar agogon hannunsa. Ta ji numfashinta. Tun da aka kawo ta gidansa, yau ne karo na farko da ta ji mijinta ya yi gyaran murya a cikin motar nan.

Zuwaira ta miƙe ƙafa kamar yadda ta saba, ta taka gefen tudun giya. Ta janye. Ta sake takawa. Ta lalubi ƙofa da tafin hannu, ta lalubi kujera, ta ɗago ta dubi uwarta. Sai ta ɓare baki da kuka.

"Yunwa ce?" in ji Sadisu.

"Yanzu ta sha."

"Warin gam ne, wataƙila."

"Babu wari." Ta jijjiga ta, ta yi mata waƙar da take yi mata a gida, a daidai kunne. Kukan bai ragu ba. Yarinyar da ba ta taɓa kuka a motar nan ba tana ta bugun sabon kafet da dunduniya, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da aka saba buɗe mata.

"Tsaya," in ji Mutmainna.

Ya gangara gefen wata gonar rogo, ya kashe injin. Gilasai a rufe. Babu injin niƙa, babu janareto, babu lasifika. A duk faɗin Lafia ba ta taɓa samun ɗaki mai shiru irin wannan ba, kuma ita ce ta sa aka gina shi. Ta rarrashi yarinyar har kukan ya koma ajiyar zuciya, ta zaunar da ita tana fuskantar gaba.

"Kira ta," ta ce. "Kada ka taɓa ta. Kada ta ga bakinka."

Ya dube ta. Ta ga ya gane, ta kuma ga cewa ba yau ya fara ganewa ba.

"Zuwaira," ya ce a hankali.

Yarinyar tana kallon wata akuya a bakin gona.

"Zuwairatu." Ya ɗaga murya, irin yadda yake yi wa mahaifinsa. Ya zare makullai ya kaɗa su a bayan kunnenta na dama, sannan na hagu. Ya tafa hannu. Akuyar da ke waje ta ɗago kai.

Ya mayar da makullan a hankali, ya ɗora goshi a kan sitiyari.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Tun kafin ta fara zama."

"Motar ce?"

Mutmainna ta so ta ce eh. Ta yini tana son ta ce eh. Ta dubi ƙananan ƙafafun da suke ta neman wani abu a kan kafet.

"Ban sani ba. Likita zai faɗa. Amma ina jin ba ta taɓa jin motar nan ba, Baban Zuwaira. Da ƙafa take sauraronta."

Wata mata ta wuce da itace a ka, ta leƙo, ta yi gaba. Rana ta fara ja a bayan rogo.

Can Sadisu ya sunkuya ta ɓangarenta. Ya ɗaga bakin kafet a gefen tudun giya, ya ja bargon, ya sa farce a ƙarƙashin kwaltar da Iorkyaa ya murza da gindin kwalba. Da ƙyar ta saki. Ya ɓare wuri kamar faɗin tafin hannu, jan ƙarfe ya bayyana. Ya murɗa makulli.

"Dakata," in ji ta.

Ta kai bayan hannunta kan ƙarfen, kamar yadda take gwada ruwan wanka. Da ɗumi, amma ba ya ƙuna. Ta jira kaɗan ta sake gwadawa. Sannan ta kama ƙafar Zuwaira ta ɗora tafin a wurin.

Yarinyar ta yi tsit. Yatsun ƙafarta suka baje. Ta juyo ta dubi ubanta, bakinta a buɗe, ta saki dariyar nan tata mai fitowa daga ciki.

Ta ɗan ramin da aka ɓare, ƙara ta fara shigowa kaɗan-kaɗan.

"Gobe da sassafe asibiti," in ji Mutmainna. "Kafin layi ya yi tsawo."

"Da motar?"

"Da motar."

Ya juya kan motar zuwa gari. Ta jingina kai da gilashi, idanunta suna lumshewa don gajiya, hannunta ɗaya riƙe da ƙafar 'yarta, ɗayan a kan ƙarfen, yana jiran lokacin da zai yi zafi.