Ƙaro a Kan Hasiya

Ni Ladi ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba, amma Allah ya ba ni 'yar auta mai rawa a cikin ruwa. Rawa fa! Su biyu suke yi, ita Hasiya da ƙawarta Fanna, 'yar wani ma'aikacin ofishin jakadancin Nijar. Su nitse tare, su ɗago ƙafa tare, su fito suna murmushi a daidai bugun kiɗa. Wadda ta makara da ƙiftawar ido ta kayar da su duka.

Shekara shida suna tsallaka ruwa a jirgi daga unguwarmu St. George zuwa Manhattan, tsakiyar birnin New York, don atisaye. A 1974 aka gayyace su wata gasa a nan New York, har da 'yan Kanada da Japan. Ita ce damarsu ta farko kuma ta ƙarshe, don aikin maigidana Sanusi ya ƙare, da kaka za mu koma gida.

Ana gobe gasa, mai koyar da su ta aiko da wani farin gari a takarda. Wai a dama da ruwan zafi a shafe musu gashi, ya daskare ya riƙe adon kai. Na tambayi maƙwabciyata Hajara, nas ce, ko da me ake yin sa. Ta ce yawanci da fatar alade.

Tir! A kan 'yata? Na juye shi a shara. Ina da ƙaron da nake sa wa rigunan Sanusi, mai kyau, daga gida. Na jiƙa shi, da safe na shafe mata kai har yana ƙyalli, ya yi tauri kamar ƙoƙo.

"Umma, shi ne wanda aka aiko?"

"Shi ne mana. Tsaya cak, Auta."

Wallahi ban kawo komai a raina ba. Ni da na san ruwa ke wanke ƙaro daga riga, ban yi hankalin tuna cewa ruwa za ta shiga.

Farkon wasan ya yi kyau har na ji Turawa suna tafi. Da suka fito daga nitso na uku sai na ga adon kanta ya zame, gashin ya barbaje ya rufe mata fuska. Ba ta ganin Fanna. Ta juya hagu, Fanna ta yi dama. Ta sa hannu ta share ido, abin da ba a yi, kuma duk da haka yarinyar nan ba ta daina murmushi ba. Na kasa ko kuka. Su suka zo na ƙarshe.

A jirgin ruwa muna komowa ta zauna kusa da ni, idanunta jawur. Hasiya da kullum da Turanci take amsa mini, ranar da Hausa ta yi magana.

"Umma, ki yafe mini. Kin sha wahala kin gyara mini, ni ce ban ɗaure adon da kyau ba. Na cuci Fanna."

Na buɗe baki zan faɗa mata gaskiya. Na dubi fuskarta, tsoro ya kama ni.

Na ce, "Haka Allah ya so, Auta."

Ta gyaɗa kai, ta kwantar da shi a kafaɗata.