Kejin Dama da Kejin Hagu

"Ba zan shiga motar nan ba," in ji maƙwabcina, yana riƙe da ƙyauren ɗakinsa da hannu biyu. 'Yarsa ta riga ta kai jakar kayansa mota. Ta juyo wajena ta ce, "Inna, ki yi masa magana, ke kaɗai yake ji."

Na sunkuyar da kai, don ni na ɗaure shi a gidan.

Likitan Kaji ake kiransa a layinmu, ko da yake a asibitin dabbobi bai taɓa wuce mai riƙe wa likita ƙafar saniya ba. Da ya yi ritaya sai ya mai da ɗakin marigayiya matarsa gona. Ya toshe taga da buhu, ya jera ledoji cike da garin katako, yana yayyafa musu ruwa har lemar kwaɗi ta fito. Ya shanya ta, ya daka, ya zuba wa kaji a dusa, wai tana tsayar musu da zawo fiye da maganin kanti. Duk layi suka yarda, saboda yana da furfura da tsohuwar farar rigar aiki.

Ni kuwa shekara talatin da biyu na yi ina koyar da kimiyya, bakina bai iya shiru ba. Na ce masa kazar da za ta warke, ko ruwan randa aka ba ta warkewa za ta yi. In yana so in yarda, ya raba kaji ashirin keji biyu, ya ba ɗaya garin lemar ya hana ɗaya, har kwana arba'in. Ni zan riƙa auna su, in duba kashinsu. Sharaɗina ɗaya: kada in san kejin da ke cin garin, kada kuma ya rubuta a inda zan gani, don ido yakan ga abin da mai shi yake so. Ya yi dariya, ya taɓa goshinsa, ya ce nan ne littafinsa.

A sati na uku tarin da ya daɗe yana yi ya tsananta. A asibiti aka ce ƙurar lemar ce ta cika masa huhu, aka umarce shi ya bar gidan gaba ɗaya. Ya ce sai arba'in ta cika. Haka motar ta tafi da jaka, ta bar mai jaka.

Da ƙafa ta fara gagararsa, ya rufe ƙofa ya haɗa dusar sauran kwanakin a gwangwani biyu, ya rubuta "dama" a ɗaya, "hagu" a ɗaya. Ciyarwar ta dawo hannuna. Na shinshina, na murza a tafin hannu. Dusa dai dusa ce.

Rana ta talatin da uku na same shi bayan la'asar a zaune kan tabarma, ya jingina da bango, don kwanciya ba ta barinsa ya yi numfashi. Na ce masa na janye, na yarda maganinsa yana aiki, ya kira 'yarsa ta zo ta ɗauke shi.

"Ƙarya ba ta yi miki kyau, Malama," ya ce.

"To gaya mini kejin kawai."

Ya daɗe yana tari kafin ya ɗaga yatsu bakwai. "Ke kika kafa dokar. Ɗaliba za ta leƙa amsa kafin a tashi jarrabawa?"

Washegari da hantsi ya cika, ina bakin keji ina auna kazar dama ta shida.

Na ƙarasa kwanakin, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Kejin hagu duka goma suna nan, sun yi ɓul-ɓul. Na dama uku sun mutu, sauran fuka-fukansu a sake. Ko garin ya ceci na hagu, ko shi ya kashe na dama.

Da 'yarsa ta zo kwashe kaya ta tambaye ni, cikin ladabi, ko maganin Baba yana aiki. Na buɗe mata littafina. Layi biyu na lambobi, tsaf, da rubutun da ɗalibaina suke tsoro, saman kowane layi babu abin da ya nuna kejin da ya ci garin. Ta duba, ta mayar mini, ta kulle ɗakin lemar.

Kajin suna wajena yanzu, na kasa haɗa su keji ɗaya. In na fito ba su dusa da safe, ina hango tagar nan da ya toshe. Wata farar lema ta huda buhun, ta leƙo waje.