Rabin Finjali

Fa'iza ta karkata butar gahawa, ta tsiyaya abin da bai kai rabin finjali ba, ta miƙa wa Gwaggo Hussaina. Tsohuwar ta leƙa ɗan kofin, ta dubi matan da ke zaune a tabarma, sannan ta kurɓe.

A Jidda aka haifi Fa'iza, can ta girma, can ta rasa mahaifinta da mijinta. Da takardun zamanta suka ƙare, sai ta ɗauko 'yarta da akwati biyu ta taho Ba'awa, garin da ba ta taɓa sani ba sai a bakin mahaifinta. Kwananta tara ke nan. Yau dangi za su yanke shawara: ko a buɗe mata ɗakin mahaifin nata, ko a tura ta Kano wajen wata 'yar'uwa da ko sunanta ba ta riƙe ba. Kawu Ɗayyabu ne babba a gidan, amma kowa ya san sai abin da Gwaggo ta ce.

An riga an sha yi mata dariya. Ta gaida kawunta a tsaye ƙerere, ta sumbaci goshin Gwaggo har tsohuwa ta zabura, ga shi tana kiran sunan 'yarta ta fari gatsau a gaban mutane. Duk bai dame ta ba. Karɓar baƙi kuwa, ta tabbata a nan babu mai koya mata, shi ya sa tun hantsi ta soya gahawarta ta daka.

Da ta ga finjalin Gwaggo babu komai, sai ta ƙara. Gwaggo ta shanye, ta sake ƙarawa. A na bakwai ne wata mata ta yi ƙasa da murya, amma ba ƙasa sosai ba.

"Duk arzikin ƙasa mai tsarki, sai ɗigo-ɗigo kamar maganin ciwon ido. Ga ɗaci, ba sukari."

Maganar ta yi wa Fa'iza zafi. Ta ajiye butar, ta durƙusa yadda ta ga ana yi.

"Gwaggo, ba rowa ba ce. A inda na tashi, in aka cika wa baƙo finjali, an ce masa ya sha ya kama hanya ke nan. Wanda ake so ya daɗe, kaɗan-kaɗan ake zuba masa. In ya ishe shi, sai ya girgiza finjalin."

"Girgizawa?" in ji Gwaggo. "Haba 'yar nan, ai tun a na biyu cikina ke murɗawa. Nauyinki nake ji, kada in ƙi abin hannunki."

Tsakar gida ta kaure da dariya, har da Fa'iza, duk da kunyar da ta rufe ta. Gwaggo kam ba ta yi ba. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta shiga ɗaki, ta fito da ƙwaryar fura cike fal har tana zuba, ta dire a gaban Fa'iza.

Fa'iza ta dubi cikar ƙwaryar, sannan ta ɗago kai.

"Gwaggo, sallamata ke nan?"

Tsohuwar ta kwance bakin zaninta, ta ciro wani ɗan mabuɗi da ya yi tsatsa, ta ɗora a kan faifai.

"Mu nan, wanda zai yi aiki ake cika wa. Ɗakin ubanki ya fi shekara talatin bai ga tsintsiya ba."

Fa'iza ta ɗauki ƙwaryar da hannu biyu, ta kafa kai. Furar ta yi mata tsami, ga yajin citta, amma ba ta girgiza ƙwaryar ba.